Na rantse ɗan takararmu zai ci zaɓen gwamna, mun sa kuɗi da abokina, sai ya faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai bibiyar siyasa ne. Kafin zaɓen gwamnan jiharmu na tattara alƙaluman zaɓukan baya, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, na lissafa, na ga ɗan takararmu ne zai ci, na kuma rubuta a Facebook aka yi ta yaɗawa. Da wani abokina ya musa mini, raina ya ɓaci na ce wallahi sai ya ci. Muka sa kuɗi kowa nasa, muka ba wani ya riƙe. Sakamako ya fito, namu ya faɗi. Yanzu abokina yana neman kuɗin. Wani ya ce hasashen da na yi shiga gaibu ne, wani kuma ya ce ba komai, ai Sayyidina Abubakar ma ya taɓa sa kuɗi a kan yaƙin Rumawa. Ni dai har yanzu ina ganin maguɗi aka yi mana. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwana, abin da ka fi jin tsoro a cikin tambayarka shi ne mafi sauƙi, abin da ka ambata a wuce kuwa nan nauyin yake.

Hasashen da aka gina a kan alƙaluma da lura ba shiga gaibu ba ne. Wanda ya ga hadari ya taso gabas ya ce yau za a yi ruwa bai yi da'awar sanin gaibu ba, alama ya karanta. Da wurin boka ko mai bugun ƙasa ka samo labarin, da amsar ta zama wata daban, kuma ka san hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je ya tambayi boka ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Kai lissafi ka yi, lissafi kuwa halal ne, sharaɗinsa ɗaya: ka san zato ne, ka kuma faɗe shi a matsayin zato.

A nan ƙafarka ta fara zamewa. A shekarar 1936 wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta tattara amsoshin mutum fiye da miliyan 2, ta sanar cewa Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Da aka kaɗa ƙuri'a, Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Daga cikin dalilan akwai cewa sunayen da mujallar ta aika wa tambaya, da yawansu daga jerin masu tarho da masu mota ta ɗebo su, a lokacin da talaka bai da ko ɗaya. Kai ma ka duba su waye suka yi ta yaɗa rubutunka suna cewa "haka yake": mutanen da suke son abin da kake so ne. Tsohuwar da ta tsaya a layi tun hantsi da katinta ƙulle a bakin zane ba ta cikin lissafinka, ita kuwa ƙuri'arta ɗaya ce kamar taka.

Rantsuwar ita ce ta canza hukunci. Ka ce "wallahi sai ya ci", ba ka faɗa mini ka haɗa da "in sha Allahu" ba. Idan ka haɗa a take, ba tare da ka yanke magana ba, kana nufin togiya, babu kaffara a kanka. Idan ba ka haɗa ba, ka yi rantsuwa a kan abin da zai zo nan gaba, bai kuwa faru ba, don haka kaffara ta hau kanka. Kada wani ya ce maka ai ka yi imani da abin da ka faɗa, saboda haka lagawu ce, wato rantsuwar da babu kaffara a kanta. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wannan rangwamen bai shafi rantsuwar da ta rataya da abin da bai zo ba. Kaffarar tana cikin aya ta 89 ta Suratul Ma'ida: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta wuya. Azumin kwana 3 na wanda ya kasa waɗannan ne. Mutane da yawa suna tsallakawa kai tsaye zuwa azumi. Kai da ka samu kuɗin da za ka zuba a musu, ba na jin ka kasa ciyar da mutum 10.

Sai maganar kuɗin. Kowa ya sa nasa, wanda maganarsa ta tabbata ya kwashe duka: wannan caca ce, ko da kun kira ta musu, ko wasa, ko "sa baki". Haramcinta ba ya bukatar dogon bayani. Abin da yake bukatar bayani shi ne hujjar da aka kawo maka da Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, domin na ji ta a bakin mutane fiye da sau ɗaya, har da waɗanda suke da ɗan karatu.

Ƙissar gaskiya ce. Farisawa sun rinjayi Rumawa har suka karɓe Ƙudus a shekarar 614, mushirikan Makka suka yi murna saboda Rumawa ma'abota littafi ne. Sai farkon Suratur Rum ya sauka yana cewa Rumawa za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru, Abubakar ya fita yana shelanta ayoyin, aka yi jayayya, aka sa abin da za a biya. Daga 622 Hiraƙla, sarkin Rumawa, ya fara juya yaƙin. Amma wanda ya kawo maka ƙissar bai karanta maka ita har ƙarshe ba. A ruwayar Tirmizi daga Niyar ɗan Mukram, a cikin hadisin kansa an ce wannan ya faru ne kafin a haramta irin wannan sa kuɗin. Giya ma an sha ta a Madina kafin ayar haramci, ba mu ga wanda ya kafa hujja da wannan ba.

To a ce mun bi malaman da suke ganin hukuncin bai shafe ba, irin su Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim. Su sun tsayar da shi ne a kan abin da yake tabbatar da gaskiyar addini da ɗaukaka hujjarsa, suka haɗa shi da tseren doki da raƙumi da harbin kibiya da hadisi ya togace. Abubakar yana tsaye ne a kan wahayi, ba shi da ɗigon shakka, abokin jayayyarsa kuma yana ƙaryata Alƙur'ani ne. Kai a kan me kake tsaye? A kan takardar lissafin da ka yi da dare. Abokinka kuma bai ƙaryata aya ba, ya ƙaryata hasashenka ne, ga shi kuma ya fi ka gaskiya. Hanafawan da suka kafa hujja da ƙissar kuwa, maganarsu a kan mu'amala da wanda ba Musulmi ba ce a ƙasar da ake yaƙi da ita, mafi yawan malamai ma ba su bi su a kai ba. Ko a tseren dokin da aka halatta, ladan na mahayin da ya yi tseren ne. 'Yan kallo biyu su tsaya a gefe su sa kuɗi a kan wane doki zai zo na ɗaya, babu mazhabar da ta halatta. Ku kuwa a zaɓen nan 'yan kallo ne.

Saboda haka abokinka ba shi da hakki a kuɗinka, kai ma da ka ci da ba ka da hakki a nasa. Wanda ya riƙe ya mayar wa kowa abinsa, ku uku ku tuba. Ka ƙara da sadaka gwargwadon hali, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" to ya yi sadaka. Sai dai ka je wurinsa da kanka, kada ka aika masa da wannan amsar a waya kamar ka samo makami. Zai ga kamar sai da ka faɗi sannan ka tuna da haram, kuma in ka yi wa kanka adalci ba zai rasa dalili ba. Ka fara da cewa ya yi gaskiya kai ka yi kuskure, sannan ka kawo maganar kuɗin.

Maguɗin da ka ambata a ƙarshe, ban ce ba a yi ba, ban ce an yi ba. Ana maguɗi a duniya, kuma zalunci ne da shaidar zur. Tambayata gare ka: me ka gani da idonka? Idan kana da takardar sakamakon rumfarku mai sa hannun wakilai, ta saɓa da abin da aka sanar, kai ta ga lauyoyin ɗan takararku su shigar a kotun ƙararrakin zaɓe cikin wa'adin da doka ta sa, ka kuma tsaya ka ba da shaida in an kira ka. Idan kuwa hujjarka ita ce lissafinka bai fito ba, ko wani bidiyo da ba ka san ranar da aka ɗauke shi ba, to ka kama bakinka da yatsanka. Ina jin tsoron kada kunyar rubutun da ka yi ce take neman mafaka a kalmar maguɗi. Irin wannan rubutun, mai shi yana kwance a ɗakinsa, yaran wasu ne suke fita titi.

Wanda ya ci kuma, cinsa ba shaida ba ce cewa Allah ya yarda da shi, faɗuwar naka ba shaida ba ce cewa an yi fushi da shi. Ka roƙa wa sabon gwamna shiriya ko ba ka zaɓe shi ba, domin gyaruwarsa kai za ta fara amfana. Tsohon rubutun naka kada ka goge shi a ɓoye. Ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa ka yi hasashe bai tabbata ba, yadda waɗanda suka yaɗa na farko za su ga na biyu.

Wallahu a'alam.