Kati yana ƙarewa ban kira kowa ba, ina mafita?

Ɗan'uwa wannan tambayar taka ta taɓa ni sosai, don abin da ya faru da Hajiyarmu kenan a Tudun Wada. Duk sati sai in saka mata kati, kwana biyu ta ce babu ko sisi, alhali ita kira ɗaya take yi zuwa Samaru ta gaida ƙanwarta. Da na karɓi wayar na duba saƙonni sai ga shi ashe wani saƙo ne ya shigo wai ta amsa tambaya ta ci mota, jikanta ya danna 1 yana wasa, shikenan suka sa ta a tsarin da ke sabunta kansa kullum suna yankar kuɗi ba ta sani ba. Wallahi raina ya ɓaci ranar.

Ka fara danna *305#, nan ne ake soke irin waɗannan tsare-tsaren da aka maƙala maka, ka cire duk wanda ba kai ka nema ba har da waƙar kiran nan. Sannan ka tura STOP zuwa 2442, kyauta ne, zai tare saƙonnin talla. In sun ci gaba da cira ka kira kamfanin layinka a 300 ka yi ƙorafi ka karɓi lambar ƙorafin, in ba su gyara ba sai ka kira NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, a 622.

Kuma don Allah in wani abu ya faɗo kan allo yana cewa OK, kar ka yi saurin dannawa, karanta tukuna.