Me ke girgiza tsibirin Tristan da Cunha?

Tambaya: Malam, na ji labarin tsibirin Tristan da Cunha, wanda aka taɓa kwashe mutanensa baki ɗaya saboda aman wuta. Me ya kawo wuta tsakiyar teku, kuma me ke haddasa girgizar ƙasa a can? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, tsibirin da kake tambaya a kansa yana kudancin tekun Atlantika, kimanin kilomita 2,800 daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kuma shi kansa ƙololuwar dutse mai aman wuta ne da ya taso tun daga gindin teku. Abin da ido ke gani a saman ruwa ya kai tsayin mita 2,062, amma mafi yawan jikin dutsen a nutse yake.

Asalin wutar kuwa, masana sun danganta shi da wani zafi da ke tasowa daga can cikin ƙasa, yana narkar da dutse, narkakken kuma yana huda ɓawon ƙasa har ya fito. Wannan murhu ya daɗe ƙwarai, domin kimanin shekaru miliyan 130 da suka wuce, lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suka fara rabuwa, shi ne ya malalar da duwatsun da ake gani yau a Namibiya da Brazil. Da nahiyoyin suka ci gaba da nisantar juna, sai ya bar sawunsa a ƙarƙashin ruwa, wato jerin tuddan Walvis da suka miƙe har gaɓar Namibiya.

Batun girgizar shi ne ya fi damuna, domin a nan rayukan mutane suke. Idan narkakken dutse yana neman hanyar fita, yakan tsattsaga duwatsun da ke gabansa, kowace tsaga kuma girgiza ce. Haka ya faru a 1961: tun watan Agusta ƙasa ta riƙa motsi, duwatsu suna gangarowa daga kan tudu, sai a watan Oktoba ƙasa ta buɗe dab da garin mutanen tsibirin ɗaya tilo, ba a ƙololuwar dutsen ba. Mutum 264 suka tsallaka da ƙananan jiragen ruwa zuwa tsibirin Nightingale da ke maƙwabtaka da su, daga nan aka kai su Cape Town, sannan Ingila. Narkakken dutsen ya binne masana'antar sarrafa abincin teku da wurin da jiragensu ke tsayawa, amma akasarin gidaje sun tsira, kuma a 1963 yawancinsu suka koma gida.

A ganina wannan ne ainihin haɗarin tsibirin, domin jikinsa cike yake da ƙananan bakunan wuta na dā, kuma sabon baki yana iya ɓarkewa a gefe, kusa da ɗan filin da mutane ke zaune suna noman dankali. Babu filin jirgin sama, jirgin ruwa kuma sai ya yi kusan mako guda kafin ya iso.

A ƙarshen watan Yulin 2004 an sake jin jerin girgiza, bayan haka kuma wani dutse mai kama da soso, wanda ke yawo a kan ruwa saboda rashin nauyi, ya riƙa zuwa gaɓa. Daga wannan, da kuma abin da na'urorin auna girgiza na tsibirin suka naɗa, masana suka gane cewa an yi aman wuta a ƙarƙashin teku, ta wajen Nightingale.