Wayar tebur ta wurin karɓar baƙi: a ƙirga layi kafin a shiga kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai kula da harkokin ofis a wani asibiti mai zaman kansa nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi wayar hannu ɗaya ce da ita, kuma daga ƙarfe takwas na safe har azahar wayar ba ta yin shiru. Kullum mutane na ƙorafin sun kira sun ji ana kan layi. In kuma likita ake nema ko ɗakin gwajin jini, sai ta tashi ta kai wayar da ƙafarta, ta bar mutane tsaye. Mai asibitin ya ce in nemo wayar tebur mai kyau, wani kuma ya ce mu sayi mai sim biyu. Wacce za mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ranki ya daɗe. Amsar tana cikin bayanin da kika yi. Abin da ke damunku layi ne, ba kan wayar ba. Sim ɗaya magana ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, ko a 'yar ƙaramar Nokia aka sa shi ko a wayar tebur mafi tsada a kasuwa. In kuka sayo sabuwa kuka cusa mata wannan sim ɗin, abin da mai kira ya ji yau shi zai ji gobe.

Mai sim biyun ma kada ta ruɗe ki. Yawancinsu sim biyun suna zaman jiran kira tare, amma da an ɗaga ɗaya, ɗayan ya ɗauke har sai an ajiye. Mai kira na biyu sai a ce masa ba a samun lambar, shi kuma ya ɗauka kun kashe waya. Ga asibiti wannan ya fi muni, domin mai mara lafiya a hannu ba ya sake gwadawa, wani wurin yake nufa.

Zamanin NITEL, lokacin da lambobin Katsina ke farawa da 065, ofis kan ja layi biyu ko uku daga turke, a haɗe su a akwati guda, a rarraba ɗaki-ɗaki. Tun da salula ta shigo a 2001 layukan nan suka yi ta mutuwa, sai ga shi ofisoshinmu sun koma wayar hannu ɗaya a hannun mutum ɗaya. Abin da kuke bukata shi ne wancan tsarin na da, amma da sim a madadin wayar turke.

Kafin ki fitar da ko sisi, ki ba yarinyar takarda da biro na kwana uku. Duk kiran da ta ɗaga ta ja layi ɗaya, wanda kuma wani ɗaki yake nema ta zagaye shi. Da yamma ku duba wayar ku ƙirga waɗanda suka shigo tana kan magana. Wannan takardar ce za ta gaya miki layi nawa kuke bukata, kuma da ita za ki tunkari mai asibitin, ba da maganar baki ba.

Akwai gyaran da za ku iya yi yau ɗin nan. Ku sami sim na biyu a wata waya daban, sannan a kan babbar lambar ku danna **67* sai lambar sim na biyun, sai #, ku kira. Daga nan duk wanda ya kira ana kan layi, kiransa zai faɗa waya ta biyu. Sai dai ku fara danna #43# ku kashe jiran kira, in ba haka ba kiran zai tsaya yana ƙwanƙwasa kunnen yarinyar maimakon ya wuce. Ki sani kuɗin kiran da aka karkatar daga katin babbar lambar ake cirewa, don haka kada a bar ta babu kuɗi. In kuna son sokewa, ##67# ne. Wannan zai rage ƙorafi, amma ba zai hana ta tashi da waya a hannu ba.

Abin da zai zaunar da ita a kujerarta shi ne akwatin raba kira, wanda 'yan kasuwa ke ce wa PBX, masu haɗawa kuma su ce intakom. Layukan waje suna shiga cikinsa, kowane ɗaki kuma ya sami wayarsa da gajeriyar lamba, misali 101 likita, 102 ɗakin gwaji, 103 kantin magani. Kiran ɗaki zuwa ɗaki kyauta ne. Iri biyu za ki tarar. Tsohon yayi shi ne irin Panasonic KX-TES824, mai ɗaukar layin waje 3 da wayoyin ciki 8, ana kuma iya faɗaɗa shi zuwa 8 da 24. Jarumin akwati ne, yana da juriya, masu gyaransa ba su da wuyar samu. Amma tun ƙarshen 2020 Panasonic ya sanar da janyewa daga wannan harka, don haka in sabon aiki za ku fara, ni ba zan ɗora ku a kansa ba. Sabon yayi shi ne wanda wayoyinsa ke tafiya a kan kebul irin na kwamfuta, kamar na Yeastar ko Grandstream, a haɗa shi da ƙaramin akwatin sim. Yeastar TG400, alal misali, sim huɗu yake ci, wato mutum huɗu na iya magana a lokaci guda. Ku gauraya kamfanoni a ciki, MTN da Airtel ko Glo, don ranar da sabis ɗin ɗaya ya ɗauke.

Mutane da yawa na tsoron wannan tsarin don sun ji an ce wayar intanet ce. In akwatin da sim ɗin duk a cikin gininku suke, kiran ba ya bukatar data ko kaɗan. Kebul ɗin cikin gida kawai yake bi.

To, yanzu mu zo kan wayar teburin kanta. Na taɓa zama kusan awa guda a wani wurin karɓar baƙi ina jiran a buɗe mini ɗakin da zan yi aiki, ina kallon mai teburin. Ta maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ta saman hijabi, hannun dama na rubuta kati, na hagu na miƙa canji, ga wani dattijo yana mata magana ta taga. Sau biyu wayar na zamewa. Da ta ajiye sai ta kama wuyanta tana murzawa. Tun ranar, abin da nake fara dubawa a wayar irin wannan tebur shi ne ramin saka abin kunne mai makirufo. Ki saya mata mai kunne ɗaya, don ɗayan kunnen ya ji wanda ke gabanta.

Sai maɓallan gefe masu fitila. Kowane maɓalli ana ɗaura shi da ɗaki guda: in ya nuna kore, likita ba ya kan waya, in ja ne yana magana. Dannawa ɗaya ta miƙa kiran, ba sai ta haddace lamba ba. Ki ƙirga ɗakunanku, ki ƙara uku ko huɗu saboda gaba, ki nemi mai maɓallai kamar haka. Yealink T46U tana da guda 10 a gefen allonta, ana juya shafi su kai 27, kuma ta wadatar da asibiti irin naku. Ki tabbata maɓallin jingine kira da na miƙa kira a fili suke a jikin wayar, ba a ɓoye cikin allo ba, domin mai sauri ba ta da lokacin lalube. Masu allon shafawa da kyamara kuwa, ki bar su a kanti. Sauran ɗakuna ƙaramar waya irin T31P mai layi biyu ta ishe su. Tebur ɗaya ne ya cancanci babbar.

Maganar wuta ba zan tsallake ta ba, don a nan aiki mai kyau ke lalacewa. Ki nemi wayoyin da aka rubuta PoE a kwalinsu, wato masu shan wuta ta cikin kebul ɗin da ke kawo magana. Haka duk wayoyin ginin daga wuri ɗaya suke samun wuta, sai a ɗora wannan wurin da akwatin a kan inbata ko sola. Kowace waya ba ta kai wat 10 ba. In aka bar su a layin NEPA, duk ɗaukewar wuta sai sun mutu, kuma kafin a tada janareta su farfaɗo an yi asarar mintuna. Ki tsaya a kan mai aikin ya ja kebul na jan ƙarfe zalla, ba alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe ba, kuma kada tsawon ɗaya ya wuce mita 100. Sim ɗin kuma a yi musu rajista da sunan asibitin. Na ga wurin da ma'aikaci ya bar aiki ya tafi da lambar da ke jikin allon ƙofa, saboda da NIN ɗinsa aka haɗa ta.

Tambaya: Malam, ina da masaukin baƙi a Daura. Baƙina da yawa daga Damagaram da Maraɗi suke, kuma ta WhatsApp suke kira. Wayar tebur za ta ɗauki irin wannan kiran?

Amsa: Alhaji, wayar tebur ta yau da kullum ba ta ɗauka. Kiran WhatsApp a cikin manhajar yake farawa, a ciki yake ƙarewa, ba ya bin hanyar kiran sim. Akwai wayoyin tebur masu Android da ake iya sa musu manhajar, amma ko da su ba za ka iya miƙa kiran zuwa ɗakin baƙo ba. Ni da ni ne, zan ware wayar hannu guda ta masauki, in sa mata WhatsApp Business, ta zauna a tebur a jikin caja, in kuma buɗe shi a kwamfutar teburin don amsa saƙo. Lambar da baƙi suka sani ita za ka bari a kai, kada ka canza musu.

Tambaya: Wani ya kawo mini wayoyin Cisco na hannu guda shida da araha, wai daga wani ofis a Turai aka cire su. In karɓa?

Amsa: Kada ka biya sai an gwada. Wayoyi ne masu ƙarko, amma da yawansu an tsara su ne su yi aiki da akwatin Cisco kaɗai, kuma sauya musu manhaja aiki ne mai cin rai, wani lokacin ma ba ya yiwuwa. Wasu kuma ba sa zuwa da abin wutarsu. Ka ce wa mai kayan ya kawo ɗaya a jona ta a akwatinka a gabanka, a kira ta, ta kira waje, a miƙa kira daga ita zuwa wani ɗaki. In ta yi ukun nan, a gwada sauran biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, har da jijjiga igiyar kan wayar ana magana don a ji ko tana ƙarar-ƙarar.