Amsa ga mai tambaya kan siririyar laftop mai dok da babba mai komai a jikinta

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana tsakanin siririyar laftop marar nauyi, wadda ake jona wa dok (ɗan akwati mai kafofin jona allo, firinta da sauransu) idan an zauna ofis, da babbar nan mai inci 15.6 da ta zo da kafofinta duka a jiki, kuma aikinka rabi a Birnin Kebbi ne, rabi a kan hanya. Na riƙe duka biyun, to ga abin da na gani.

Aikina rajistar manoman shinkafa ne da haɗa musu lissafi. Yau Argungu, gobe Suru, wani lokaci har Yauri. Da babbar na fara. Idan ka haɗa ta da caja da jaka, sai ta tasar ma kilo uku, kuma wanda bai wuni bisa kabu-kabu a hanyar fadama da ita a baya ba, ba zai gane me kilo uku ke nufi ba. Da na koma siririya mai kilo ɗaya da 'yan kai, kafaɗata ta huta. Wani alherin nata da ban zata ba shi ne caji ta USB-C. Fawa bank mai fitar da wat 65 yana tayar da ita a ƙauyen da ko turken wuta babu. Wannan kam na yaba.

Dok ɗin ne muka samu saɓani da shi. A talla abin burgewa ne: waya guda ka soka, babban allo da firinta da kibod da wayar intanet duk su tashi lokaci ɗaya. Gaskiya ne, haka yake yi, amma fa sai da wuta. Irin nawa cajarsa daban ce, allon ma nasa soket daban. Da an ɗauke wuta sai duk su mutu tare, ka koma kan ɗan allonka mai inci 13 kana matse ido a kan Excel. A ofishinmu inji sai ranar da oga yake gari, don haka yawancin mako dok ɗin kwalliyar tebur ne kawai, sai ƙurar hunturu da yake tarawa. Kuɗin da na zuba a kansa da allon, da batir na ƙara wa solar gidana da ya fi mini.

Sannan ka kula, ba kowace kafar USB-C ke fitar da hoto ba. Wata fayil kawai take ɗauka, ko caji ba ta karɓa. Sai mai Thunderbolt, wadda za ka ga alamar walƙiya a gefenta, ko mai DisplayPort a ciki. Wani abokin aikina ya yi odar dok daga Kano, ya iso, aka jona, allo ya ƙi cewa uffan. Dok lafiyarsa lau, kafar laftop ɗin ce ba ta wannan aikin. Kada ka biya sai an jona a gabanka ka ga hoto ya fito.

Na taɓa shan kunya kuma. An tara shugabannin ƙungiyoyin manoma, majigin wurin tsoho ne mai kafar hoto irin ta da, VGA, ni kuwa na baro 'yar mahaɗar da ke jona siririyata da irinsa a gida. Sai a filash muka kwashe aikin, muka ari tsohuwar laftop ɗin wani malami, irin wadda nake yi wa dariya.

Maganar gyara ita ce ta fi damuna. Yawancin sirara RAM ɗinsu, wato ma'adanar da laftop ke riƙe aikin da take kai, a narke yake jikin bod, babban faifan da ke cikinta. In ka saye ta da 8GB, da 8GB za ku rabu, in kuma ya lalace, bod gaba ɗaya za a nemo daga Kano ko Legas. Ga zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40: 'yar fankarta ba ta iya kai zafi waje da sauri, sai ta rage gudu da kanta. In dai siririyar ka nace, to 16GB, kada ka yarda da ƙasa da haka.

Ni yanzu tsakiya na tsaya, mai inci 14 irin ta ma'aikata. Dubi ThinkPad T480 ko HP EliteBook 840 G5, duka na 2018 ne, ana samun na hannu. Nauyinsu wajen kilo ɗaya da rabi, suna da HDMI da kafar wayar intanet a jiki, ana ƙara musu RAM, kuma suna karɓar dok duk ranar da ka so. Ka dai tabbatar firosesa Intel ta ƙarni na 8 ce ko sama, don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 daga ƙarni na 8 take farawa.

Ba ka faɗa mana yanayin wutar ofishinku ba. In akwai sola da inbata da ke kai ku la'asar, kuma kana wuni a tebur kwana uku ko huɗu a mako, sayi siririya da dok, za ka ji daɗinsu. In irin namu ne, bar dok sai gaba, ka nemi 'yar mahaɗa mai HDMI da VGA ka jefa a aljihun jaka, kada ka sake cire ta.