Tambayoyin Masu Karatu: Rubutu a Facebook ya kai ƙanina ofishin 'yan sanda

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanina ya rubuta a Facebook cewa an ci kuɗin aikin magudanar ruwa a unguwarmu. Yanzu 'yan sanda sun gayyace shi, wai ya karya dokar laifukan intanet. Mu kuma mun ji an soke dokar nan. Ina gaskiyar take? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba a soke ta ba, gyara aka yi mata. Tun 2015 aka kafa dokar, kuma sashe na 24 ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce, domin a da ko saƙon da ya ɓata wa wani rai kan iya zama laifi. A 2022 Kotun ECOWAS ta ce sashen ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, sai aka taƙaita shi a 2024. Yanzu ƙaramin sashe na ɗaya ya shafi batsa ne, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne amma ya yaɗa don tayar da hargitsi ko jefa rayuka cikin haɗari. Hukuncinsa tara har naira miliyan 7, ko ɗauri har shekara 3, ko duka biyun. Barazana ga rayuwar wani ma tana nan a matsayin laifi.

A ganinmu, tambayar inda kuɗin jama'a suka shiga ba ta cikin waɗannan, kuma abin takaici ne a riƙa tsorata mutane da tsohon lafazin dokar. Sai dai kada ku saki jiki. Kundin hukunta laifuka na Jihar Kaduna na 2017 yana da laifin ɓata suna, kuma ana iya bi ta nan. Idan ƙaninki ya kama sunan wani ya ce ɓarawo ne, hujja za a nema: hotunan aikin, allon kwangila, shafin kasafin kuɗi.

Ya amsa gayyatar, amma da lauya. In babu hali, ku nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauyansa, ya kuma ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Kada ya sa hannu a bayanin da bai karanta ba. Da yawa a nan suke ɗaure kansu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Goge rubutun ba zai taimaka ba, tunda mai ƙorafi ya riga ya ɗauki hotonsa, gara ku ma ku adana naku da kwanan wata.

Tambaya: Ni dai turawa na yi a WhatsApp, ba ni na rubuta ba. Da laifina? Daga wani ɗan kasuwa a Kawo.

Amsa: Malam, dokar ta ambaci wanda ya aika ne, ba marubuci kawai ba. Abin da za a duba shi ne ko ka san ƙarya ce, da kuma nufinka. A garin da jita-jitar kai hari kan rufe kasuwa cikin sa'a guda, muryar da ba ka san mai ita ba, kada ka tura ta.