Yaya za a koya wa injiniyoyi riƙon amana a aiki?

Malam, ka ce kana koyarwa a Marwa ta ƙasar Kamaru, ɗalibanka suna gyangyaɗi a darasin ɗa'ar aiki, kana neman dabara. Ni dai na ce ka leƙa wajen lauyoyi.

A Kamaru ba a zama lauya da digiri kawai. Sai mutum ya yi shekara 2 a ƙarƙashin gogaggen lauya, ya yi rantsuwa, kuma in ya ci amana ƙungiyarsu tana iya soke sunansa. Sannan da shari'o'in da aka riga aka yanke suke karatu, ba da wa'azi ba.

To, ka kai musu shari'a aji. Gadar Kebek ta Kanada ta rushe a 1907 ana cikin gininta, ma'aikata 75 suka rasu, alhali an ga ƙarafa suna lanƙwashewa tun kafin ranar. Ka raba ɗaliban: mai ƙara, mai kare injiniya, alƙali. Wa ya kamata ya tsayar da aikin?

Daga nan ka dawo gida, ka ce wa kowane ɗalibi: ɗan kwangila ya rage siminti a kwalbatin da ruwan damina zai bi, kuma kawunka ne. Za ka sa hannu? A nan gardama za ta kaure, mai gyangyaɗi ma sai ya farka.