Ƙanina Naƙasasshe Ya Rasu, Ta Yaya Za Mu Riƙa Tunawa Da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina ya rasu yana da shekara 27. Tun haihuwa ba ya tafiya, hankalinsa kuma bai wuce na yaro ƙarami ba. Ni da mahaifiyarmu muke yi masa wanka, mu ba shi abinci a baki, mu juya shi cikin dare. Bai taɓa sallah ba. Akwai ramuwa a kanmu? Muna so mu riƙa taruwa duk shekara ranar da ya rasu, ya halatta? Kekensa na nan a ɗaki, Mama ta hana a taɓa. Sannan akwai ranakun da gajiya ta sa na daka masa tsawa, abin yana hana ni barci.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku ladan haƙuri.

Game da sallah, ki kwantar da hankalinki. Rashin tafiya shi kaɗai ba ya sauke sallah, domin Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Amma hankali shi ne sharaɗin ɗora wa mutum hukunci. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda ba shi da hankali har ya samu. In dai yadda kika siffanta shi haka yake, ba a binsa sallah ko azumi, ku ma babu ramuwa ko ciyarwa a kanku.

Tunawa da shi kuwa ba laifi ba ne. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yakan yawaita ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba za mu faɗi abin da ba zai yardar da Ubangijinmu ba. Don haka ku ba da labarinsa, ku tuna abin da yake sa shi dariya, ku yi kuka in ya zo. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da maganganun ƙin yarda da ƙaddara.

Inda ba na goyon baya shi ne ware ranar rasuwar a mayar da ita taron shekara-shekara. Akwai malaman da suka sassauta idan addu'a da sadaka kawai za a yi, amma abin da na fi natsuwa da shi shi ne a bari. Annabi (SAW) ya binne Khadija, ya binne baffansa Hamza, ya kuma binne wasu daga cikin 'ya'yan cikinsa, babu ingantacciyar ruwaya cewa ya sanya wa ɗayansu rana. Sadaka ba ta jiran zagayowar shekara. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, ya tambaya ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa e, sai ya ba da gonarsa.

Keken nan, da duk abin da ya mallaka, ya zama gado. Mutane kan manta cewa mai naƙasa yana mallaka kamar kowa, sai a yi ta rabar da kayansa ba tare da an tambayi magada ba. Idan magadan sun yarda a bar wa Mama, babu komai, kada a matsa mata. Ranar da zuciyarta ta yi sanyi, ku nuna mata a hankali cewa wani yana can yana jan jiki a ƙasa don rashin irinsa, kuma ladan zai isa ga ɗanta.

Maganar tsawa ita ce ta fi taɓa ni. 'Yar'uwa, wanda bai taɓa tashi ƙarfe biyun dare ya canza wa baligi shimfiɗa ba, ba zai gane irin wannan gajiya ba. Ba zan ce miki tsawar daidai ce ba. Ki yi istigfari, ki yawaita yi masa addu'a, ki yi sadaka da niyyarsa. Amma kada Shaiɗan ya ɗauki 'yan ranaku ya rufe miki shekarun hidima da su, alhali Allah Ya ce a Suratu Hud, aya ta 114, kyawawan ayyuka suna tafiyar da munana. Kuma Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa albarkacin raunana ne ake taimakonku, ake azurta ku. Wataƙila kuna ganin ku kuka ɗauki nauyinsa, alhali abincin da kuka ci shekara 27 ta dalilinsa yake shigowa gidan.

Idan rashin barcin ya daɗe, ki ga likita, hakan bai saɓa wa tawakkali ba.

Wallahu a'alam.